Falle a kan falle: yadda masana'antu ke manne abubuwa da matsi

Idan kun juye madarar gari daga 'yar ledarta, kafin ku jefar ku ɗan tsaga ta ku duba. A bayanta akwai rubutu da hoto masu launi, kuma ko an kankara da farce ba sa fita. A cikinta akan ga ƙyallin ƙarfe. In kuka murza bakin tsagar a hankali tsakanin yatsu, wani lokaci za ku ga ta soma rabuwa, a nan za ku gane cewa falle uku ne aka manne suka zama guda. Na waje roba ce mai ƙarfi da jure zafi, kaurinta yawanci maikiron 12, kuma a fuskarta ta ciki aka buga rubutun, shi ya sa farce ba ya kai gare shi. Na tsakiya alminiyam ne, wajen maikiron 7, aikinsa tare iska da haske da danshi. Na ciki leda ce mai laushi da saurin narkewa, ita ce ke liƙe bakin idan zafi ya taɓa ta. Maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita.

Dalilin wannan wahala shi ne babu abu guda da zai iya ayyukan nan duka. Alminiyam mai siranta haka, in shi kaɗai ne, yagewa zai yi tun kafin ya bar masana'anta. Leda ita kaɗai iska na ratsa ta a hankali, madara ta yi ɗoyin tsohon mai kafin ta isa kanti. Takarda na da tauri amma ruwa ne ajalinta. Sai aka ɗauki kowanne aka ba shi aikin da ya fi iyawa, aka haɗa su. Kwalin da ake zuba kaya, da kwalin lemo da na madarar ruwa, da saman teburin ofis, da gilashin gaba na mota, da katin shaida, duk haka aka yi su.

Wanda ya taɓa ganin injin murza taliya a tsakar gida ya riga ya ga zuciyar aikin: rola biyu suna juyawa suna fuskantar juna, ana zura abu ta gefe guda, yana fita ta ɗaya gefen a matse. A masana'anta ba kwaɓin fulawa ake zurawa ba, manyan naɗe-naɗe ne na takarda ko leda ko ƙarfe, kowane naɗi tsawonsa kilomita da yawa. Ana warware naɗi biyu lokaci guda, a shafa wa ɗaya gam, su haɗu a matsatsin da ke tsakanin rola biyu, a sake naɗe su a ɗaya ƙarshen sun zama falle guda. Ba a tsayawa. Idan naɗi ya kusa ƙarewa, a manyan injuna akan jona bakin sabo da wutsiyar tsohon alhali injin yana gudu.

Wannan matsatsin ne ya kamata a fahimta da kyau, don a nan aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci. Yawancin mutane suna zaton matsi ne ke manne abubuwa. Ba haka ba ne kai tsaye. Duk fuskar da ido ke gani sumul, in aka sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma za a ga tudu da kwari ne. Idan aka ɗora falle a kan falle, 'yan tuddan ne kawai ke taɓa juna, sauran wurin duk iska ce a tsakani. Aikin matsi shi ne ya kori iskar nan, ya tura gam ya cika kowane kwari, har fuskokin biyu su kusanci juna matuƙar kusanta. Daga nan ne ƙwayoyin gam da na fallen ke kama juna. Zafi yana taimakawa domin yana sassauta gam ya malala. Lokaci kuwa shi ne ya fi ƙaranci. Injin da ke gudun mita 300 a minti yana cinye mita 5 a daƙiƙa guda. In faɗin wurin da rolar biyu suka haɗu santimita 1 ne, to kowane ɗigo na fallen ba ya wuce kashi 2 cikin 1000 na daƙiƙa a cikin matsin. Cikin wannan ɗan lokaci dole iska ta fita, gam ya bazu, ko kuma kaya su fito da ƙuraje.

Shi ya sa galibi rola ɗaya ƙarfe ce mai santsi, ɗayar kuma an lulluɓe ta da roba. Robar tana ɗan lotsawa, sai wurin haɗuwar ya faɗaɗa, matsin ya rarrabu. Akwai kuma wata matsala da ba ta zuwa wa mutum a rai sai ya gani: doguwar rola da aka danne ta ƙarshenta biyu tana ɗan lanƙwasa a tsakiya, sai gefe ya matsu fiye da tsakiya. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne a sassaƙa rolar tsakiyarta ya ɗan fi gefenta kauri, kaɗan ƙwarai, yadda idan ta lanƙwasa sai ta miƙe daidai. Sannan ga batun ja. Kowane falle ana jansa da ƙarfin da aka auna. In aka ja leda fiye da takardar da za a manna mata, da zarar sun fito ledar za ta nemi komawa yadda take, sai kayan su nannaɗe kansu ko su yi tamoji.

Hanya mafi tsufa ita ce a shafa gam mai ruwa, a haɗa, a busar. Wannan sai in ɗaya daga cikin fallen yana barin tururi ya fita, wato takarda. Kwalin zuba kaya shi ne babban misali. A Ingila aka fara yi wa takarda mai kwarmi-kwarmi rajista a 1856, don yi wa dogayen huluna shafi daga ciki. A 1871 Albert Jones na birnin New York ya yi rajistarta a matsayin abin ƙunshe kaya masu fashewa, a 1874 kuma Oliver Long ya ƙara mata shimfiɗaɗɗen falle don kada kwarmin ya baje. Injin yin kwali na yau tsawonsa kan kai mita 100 ko fiye. Takardar tsakiya tana bi ta tsakanin rola biyu masu haƙora, waɗanda tururi ya zafafa zuwa wajen digiri 170 a ma'aunin Salshiyas, ta fito da kwarminta. Wata rola ta shafa gam a kan ƙololuwar kowane tudu kaɗai, a danna mata falle na farko nan take, can gaba a shafa wa ɗaya gefen a ɗora falle na biyu, a ja su a kan zafafan faranti har su bushe. Gam ɗin nan sitaci ne, na masara ko alkama ko rogo, da ɗan soda da boraks. Ana shafa shi yana ruwa-ruwa, zafi na taɓa shi sai ya kumbura ya yi danƙo ya kama. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace noman rogo a duniya, don haka duk mai tunanin inda sitacin rogo zai sami kasuwa ban da tukunya, ya sa masana'antar kwali a lissafi. Ga kuma abin da ya sa kwali ke yin laƙwas da damina: takardar da gam ɗin duka masu shan danshi ne. Ɗan kasuwar da ya jera kwalaye a kan dandaryar siminti ba tare da katako a ƙasa ba, na ƙasan ne zai fara durƙushewa.

Idan kuwa fallen biyu ba sa barin ruwa ya wuce, kamar leda da alminiyam, dole a sake dabara. Ko dai a narkar da gam cikin wani sinadari mai saurin tashi, a shafa, a bi da fallen ta cikin dogon tanderu sinadarin ya ƙafe, sannan a haɗa a zafafan rola; ko a yi amfani da gam mai kashi biyu da ake gaurayawa dab da shafawa, wanda ba ya buƙatar busarwa. Abin da ake shafawa kaɗan ne ƙwarai, bai fi giram 2 ko 3 a kowane murabba'in mita ba. Amma gam mai kashi biyun nan ba ya gama kamawa a kan inji. Sai an ajiye naɗin kwanaki a ɗaki mai ɗumi sinadaran sun gama haɗuwa. A nan nake ganin ya kamata hukumomin kula da abinci su fi sa ido, domin masana'antar da ta yi gaggawa ta yanka naɗin da bai nuna ba ta zuba abinci a ciki, ragowar sinadarin na iya ratsa ledar ciki ya shiga abin da yara za su sha. Mai saye ba shi da hanyar ganin wannan da ido. Abin da zai iya shi ne ya guji duk ledar abincin da ke warin fenti ko fetur idan an buɗe, ko wadda fallenta ya ɗaɗɗago.

Akwai hanyar da narkakkiyar leda ce da kanta ke zama gam. Ledar da aka fi amfani da ita, wato foliyetilin, a 1933 aka gano hanyar yin ta da ta dace da masana'antu a ɗakin binciken kamfanin ICI a Ingila. Ana narkar da ƙwayoyinta zuwa wajen digiri 300, a matso ta daga wata doguwar tsaga tana zubowa falle guda siriri, ta faɗa daidai tsakanin takarda da alminiyam a lokacin da suke shiga matsatsin. Rolar ƙarfen tana da ruwan sanyi a cikinta, don haka ledar na shiga a narke, tana fita a daskare ta riƙe su biyun. Da haka ake yin kwalin Tetra Pak, kamfanin da Ruben Rausing ya kafa a garin Lund na ƙasar Suwidin a 1951. Kwalin madarar da ba ya buƙatar firji falle shida ne: leda a waje, sai takarda mai kauri, sai leda, sai alminiyam, sai leda biyu daga ciki. Takardar ce ke ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin, alminiyam ɗin kuwa wajen kashi 5 cikin 100 ne kacal, kaurinsa bai wuce maikiron 6 da 'yan kai ba. An dafa madarar a zafin da ya kai digiri 135 ko fiye na 'yan daƙiƙu, an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin kwalin, an rufe ba tare da iska ta shiga ba, sai ta yi watanni a kan kanta. A ƙasashen da wutar lantarki ba ta da tabbas, ba ƙaramin abu ba ne madara ta yi tafiyar kwanaki a bayan tirela cikin zafin bazara ta isa lafiya. Sai dai da zarar an huda kwalin, kariyar ta ƙare, madarar ta koma kamar kowace madara.

Duk ƙarfin matsi, in fuskar ba ta karɓi gam ba aikin banza ne. Leda irin foliyetilin tana da santsin da gam da tawada ba sa zama a kanta. Wani injiniya ɗan ƙasar Denmak mai suna Verner Eisby ne ya samo mafita a 1951: a bi da ledar ta ƙarƙashin tartsatsin lantarki mai ƙarfi kafin a shafa mata komai, tartsatsin ya sauya fatarta ta sama ta zama mai kamawa. Tasirin yana raguwa in naɗin ya daɗe a ajiye. Ƙura ma babbar abokiyar gaba ce, don ƙwaya ɗaya ta isa ta ɗaga falle ta bar ƙurji kewaye da ita, kuma leda mai gudu tana tara lantarkin da ke janyo ƙura. Mai irin wannan masana'anta a Kano ko Kaduna, da hunturu ya san abin da ake nufi.

Ƙanin waɗannan injuna duka shi ne wanda ke kan tebur a shagunan buga takardu, inda ake cewa a yi wa takarda lamineshin. Ledar tana zuwa da busasshen gam a jikinta, zafin rola na wajen digiri 100 zuwa 130 ya narkar da shi, matsi ya tura shi cikin zaren takardar. Ku lura da wannan, domin shi ne ya sa ba a iya warware aikin: gam ɗin ya riga ya shiga jikin takardar, in aka ɓamɓare ledar da tawada za ta taho. Shawarata ita ce kada a yi wa asalin takardar shaidar karatu ko ta haihuwa ko ta fili lamineshin. Akwai ofisoshi da ke ƙin karɓar irinta, don ba za su iya taɓa hatimi su tantance ba, ba kuma za su iya buga wani a kai ba. A yi kwafi a manne kwafin, asalin a sa shi a jakar leda mai buɗewa. Rasit ɗin na'urar cire kuɗi da hoton awon ciki na asibiti kuwa, yawanci a kan takarda mai jin zafi ake buga su, suna shiga injin za su fito baƙi ƙirin.

A ɓangaren katako matsin ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Filawud ana yin sa ne da siraran fallayen da aka fere daga gungume yana juyawa, a jera su yadda zaren kowanne ya gicciye na kusa da shi, adadinsu kuma yawanci mara ne, 3 ko 5 ko 7, don kada ya karkace. Garin Sapele ya yi suna da wannan sana'a tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Formica, wadda Daniel O'Conor da Herbert Faber suka kafa kamfaninta a Cincinnati ta Amurka a 1913, takardu ne da aka jiƙa da gam aka danne da nauyin da bai gaza kilo 50 ba a kan kowane murabba'in santimita, cikin zafi, har suka koma falle mai tauri. Waɗannan ɗaiɗai ake danna su, a buɗe inji a fitar a sake zubawa. Amma tun shekarun 1980 masana'antun allunan garin katako suka koma ga injin da ba ya tsayawa: bel biyu na ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna tafiya tare da garin katakon a tsakaninsu tsawon mita 30 zuwa 50 ko fiye, suna matsawa suna gasawa, allo yana fita ta ƙarshe zarto na yankawa. Abin da ya shafi mai sayen gado ko kabad shi ne irin gam ɗin. Mai araha, wanda aka fi sa wa kayan cikin ɗaki, ba ya jure ruwa, shi ya sa ƙafar kabad ke kumbura ta ruɓe inda ake yawan goge ƙasa. Mai jure ruwa, in kun duba gefen filawud, za ku ga layinsa duhu ne ja-ja. Ku tambayi kafinta wanne ya sa, musamman a kayan kicin. Gam mai arahar kuma yana fitar da iskar fomaldihaid, wadda cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin abubuwan da ke jawo sankara a 2004. Sabon kabad mai yaji a ido, a bar taga a buɗe har warin ya lafa, kada a rufe yara da shi.

Gilashin gaba na mota falle biyu ne na gilashi da roba mai kaurin milimita 0.76 a tsakani. Wani Bafaranshe, Édouard Bénédictus, shi ya yi wa dabarar rajista a 1909. Idan an jera su, akan fara korar iska ta hanyar rola ko tsotsa, gilashin ya fito da hazo-hazo, sannan a sa shi a wata ƙatuwar tukunyar matsi, zafi wajen digiri 140, matsi fiye da ninki 10 na iskar da muke shaƙa, ya fito tangaram. In dutse ya same shi sai ya tsage amma ɓaraguzan su tsaya a jikin robar. Gilashin ƙofar mota yawanci ba haka yake ba, shi rugujewa yake yi ƙanana-ƙanana. Don haka duk wanda aka ce za a yanka masa gilashin taga na gida a sa masa a gaban mota saboda araha, kada ya yarda.

Ƙarfe kuwa ana iya haɗa shi ba gam ko kaɗan. A kankare fuskokin biyu da burushin waya, a murza su tare da ƙarfin da zai rage kaurinsu da rabi ko fiye a wucewa guda. Fatar tsatsa ta sama ta tsattsage, sabon ƙarfe ya haɗu da sabon ƙarfe su zama ɗaya. Tun 1965 tsabar kuɗin Amurka ta senti 10 da ta 25 falle uku ce, jan ƙarfe a tsakiya, ana ganin jansa a gefe. Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin ƙaramin firji: farantin ɗakin ƙanƙara mai jijiyoyi a jikinsa. Fallen alminiyam biyu ne. Kafin a murza su an zana hanyoyin da wata tawada mai hana mannewa, bayan sun haɗe aka hura iska mai ƙarfi, wuraren da aka zana suka kumbura suka zama bututun da gas ke bi. Bangon bututun siriri ne, shi ya sa wuƙar da aka sa don ɓamɓare ƙanƙara ke huda shi gas ya tsere.

Ingancin mannewar nan shi ne kuma ya sa sharar ledoji da kwalaye ta zama matsala. Ledar fiya wata iri guda ce, ana iya wanke ta a narkar a sake wani abu, shi ya sa masu tsince-tsince ke ɗaukarta. Ledar madara da ta omo da ta biskit kuwa, yawanci roba iri-iri ne, wasu har da ƙarfe, da aka yi niyyar kada su rabu, don haka ba mai saye, sai su ƙare a kwata. Kwalin lemo ana iya jiƙa shi a cire takardar, amma sai inda akwai masana'antar da ke yin haka. Manyan kamfanoni sun fara gwada ledar da duk fallayenta dangi ɗaya ne don a iya narkar da ita gaba ɗaya, kodayake har yanzu tare iska irin na alminiyam yana ba su wuya. Kafin wannan ya wadatu, abin da ke hannunmu shi ne mu daina hura gawayi da irin waɗannan ledoji, don hayaƙin tawada da gam da roba yana shiga ƙirjin mai girki da na yaron da ke goye a bayanta.

Sai kuma haɗarin da ke kan ma'aikata: matsatsin da ke jan takarda mita 5 a daƙiƙa ba ya bambanta ta da hannun riga ko yatsa, kuma yana ja ne ciki, ba ya turowa waje. Sau da yawa raunuka na faruwa ne lokacin da ma'aikaci ya kai tsumma zai goge gam a jikin rola tana juyawa, ko zai miƙar da fallen da ya karkace ba tare da an tsayar da inji ba. Matasanmu da yawa suna shiga masana'antun leda da kwali a Sharaɗa da Bompai na Kano da kuma Legas a matsayin leburori. Duk wanda zai fara, ya tambaya a nuna masa igiya ko maɓallin tsayar da inji na gaggawa tun ranar farko, ya tabbata akwai shinge a gaban rolar, ya bar babbar riga da zobe a gida, kuma kada ya goge rola sai an kashe wuta an kulle makunnin.